Kaɗar Iya Kulu da Ƙwayar da Ba Ta da Suna

Ranar sunan jikar yayana a Dogon Dutsi, wasu samari da suka dawo hutu daga Yamai suka zauna kusa da ni suna dafa shayi. Ɗayansu ya ɗaga wayarsa ya ce mini, "Tanti, sana'arku ta ƙare hwa. Yanzu sai ka liƙa haruhwan ga cikin mashin, ta hwaɗa ma mi jen ɗin ka yi. Minti guda!" Sauran suka kwashe da dariya. Ni ma na dara, don gidan suna ba wurin gardama ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da ire-irenku masu minti guda.

Sunana Balkisa. Aikina, tun kaina baƙi har ya fara furfura, shi ne karanta rubutun da ke cikin tsirrai. Kowane tsiro, hatsi ne ko wake ko kaɗa, wadda wasu ke kira auduga, yana ɗauke da dogon rubutu a cikin jikinsa, da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Rubutun gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa umarni ce ta ƙera wani abu guda. Gaɓar nan ita ce ƙwayar gado, wadda muke kira jen a buro, wato ofis. Wata tana sa zaren kaɗa ya yi tsawo, wata tana sa ganye ya yi ɗaci don tsutsa ta ƙi shi. Waɗanda aka san aikinsu an raɗa musu suna. Da yawa kuwa ba wanda ya san abin da suke yi. In ka neme su a rumbun bayanai, inda masana na duniya ke zuba abin da suka karanta, lamba kawai za ka gani, a gefenta an rubuta cewa ba a san aikinta ba. Waɗannan marasa suna su ake kawo mini in faɗi abin da nake zaton suna yi. Ba ni da gona, ba na taɓa kwalba a ɗakin gwaji. Kayan aikina ordinatar, wato kwamfuta, sai rezo na intanet in ya ga dama, sai kaina.

Wanda ya koya mini, Mushe Gado (mushe shi ne malam a bakinmu na masu Faransanci), mutumin Dogon Kiriya ne, siriri, mai tsagar Arawa a kumatu. Ranar da na fara zuwa wurinsa a jami'a, ina ɗokin taɓa na'ura, sai ya miƙo mini takardu biyu cike da haruffa, da fensir ja da shuɗi. Ya ce in jera rubutun biyu ƙarƙashin juna da hannu, in gano inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Na yi ta yi har na riƙa ganin A da T a bangon ɗaki. Da na gaji na ce masa mashin na yin wannan kafin a ƙifta ido, bai ko ɗago ba.

"Mashin ta san daidai da ba daidai ba," ya ce. "Ba ta san mai nauyi da marar nauyi ba. Wanga ke za ki koya."

Shi ne ya ba ni misalin da har yau nake aiki da shi. Ya ce, "Baƙo ya zaka gari, ba shi magana. Ƙaƙa za ki san sana'atai? Ki dubi tsagatai, ki biɗi danginai. In dut maƙera na, to kila shi ma maƙeri na. Amma kak ki tsaya nan. Dubi hannunai ko da ƙuna, ki ga inda shika wuni. Ɗan maƙeri na iya zama direba." Duk sana'ar ke nan, in an taƙaita. Sannan yana da ɗakuna uku da yake zuba magana a ciki: na gani, ina zato, ban sani ba. Duk rahoton da na kai masa sai ya bi shi jimla-jimla da jan fensir yana tambaya wannan a wane ɗaki take. In ya kama zato ya yi shigar gani, ranar nan ba ki da sauran sukuni.

Masu kawo mini aiki iri-iri ne. Akwai masu kyautata iri, waɗanda ke haɗa wannan hatsi da wancan don a sami mai jure fari, su ne na fi jin daɗin aiki da su, don sun saba jira. Akwai ɗalibai, waɗanda ba sa tunawa da ni sai jarrabawa ta zo wuya, su shigo da gumi suna Madam ki taimaka. Sai masu zuwa da amsarsu a aljihu, sa hannu kawai suke nema. Wani ya taɓa kawo mini ƙwayar wake ya ce ta maganin fari ce, in tabbatar masa. Na duba, na ce masa ta launin fure ce. Ya ce in sake dubawa. Na ce ko na duba har gobe furen ba zai daina zama shuɗi ba. Har yau in mun haɗu a taro gaisuwarsa gajera ce.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa, Dokta Arzika ne ya kawo shi, mai kyautata iri, abokin aikina na shekaru. Kun san ƙasarmu ta hatsi ce da rairayi. Kaɗar gona sai can kudu, a shuka ta da damina, a tuge ta bayan an tsince. Amma a wani ƙauye bayan Geceme, Arzika ya ga abin da ya tsayar da shi. A bayan ɗakin wata tsohuwa mai kaɗin zare, Iya Kulu, akwai kaɗa guda huɗu da suka fi mutum tsawo, itatuwa sosai, gindinsu ya kai kaurin damtse. Ta ce a nan ta tarar da su da aka kawo ta gidan tana amarya. Ba a ba su ruwa. Da rani su zubar da ganye su tsaya kamar sun mutu, ruwan fari na sauka su farka. Daga su take samun abin kaɗinta, kuma matan bori kan zo roƙon ɗan dunƙule, don akwai doguwa, wato aljana, da ba ta karɓar farin zare sai na kaɗar gida.

Arzika ya roƙi tsohuwa ta bar shi ya ɗebi iri. Ya kuma yanki ɗan ganye da ɗan ɓawo daga wuyan saiwa, wato daidai inda kara ke shiga ƙasa, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. Ya aika ƙasar waje aka karanta. Irin wannan karatun yana nuna waɗanne ƙwayoyi ne a farke, a wane sashe na tsiron, a wane lokaci. A cikin dubban da suka fito, ɗaya ta fita daban. A ganye shiru take. Da damina shiru take ko'ina. Amma a wuyan saiwa, a tsakiyar rani, lokacin da kusan kowa ya kwanta, ita ce ke aiki kamar ba gobe. Ba ta da suna, sai lamba.

Sai mummunar shekarar ta zo, wadda kuka sani, da aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga ƙetare ta yanke. Firjin da Arzika ya adana irin a ciki ya yi ta narkewa yana daskarewa, ruwa ya shiga ledar, iri ya yi fumfuna, ko ƙwara ɗaya ba ta tsira ba. Ya koma ƙauyen don ya ɗebo wani, ya tarar tsutsa ta cinye ƴaƴan bana, ya kuma tarar da zaman makoki. Iya Kulu ta rasu da sanyin nan. Gidan ya koma hannun jikanta Sha'aibu, matashin ɗan kasuwa mai sayar da kayan babur a Dogon Dutsi, cikin samarin nan masu riƙon sunna da gaske. Yana so ya gina shago a bayan ɗakin, don nan ne ke kallon hanya, kuma ba ya ƙaunar zirga-zirgar matan bori a gidan. Ya ce zai sare itatuwan.

Ba a iya ciro tsohuwar kaɗa a dasa ta wani wuri, saiwarta ta yi nisa. Reshe kuma ba ya kamawa a tsakiyar rani. Iri babu. Abin da ya rage a duniya na wannan kaɗa, iyakar saninmu, itatuwan nan huɗu ne. Arzika ya roƙi Sha'aibu, ya ce akwai wani abu a cikinsu da zai amfani manoma. Yaron ya ce to a kawo masa hujja kafin siminti ya samu a buga tubali. Ranar nan Arzika ya kira ni ya ce, "Balkisa, ƙwayar ga marar suna. Ki hwaɗa mani mi taka yi. Ita ɗai ta hujjarmu."

A Yamai ba wuta, don haka na tattaro na dawo gidan ƙanwata Ramatu a Dogon Dutsi, inda mijinta ya sa sola a kan rufi. Ba na aiki sai rana ta take, lokacin ne batir ke da ƙarfi, lokacin ne kuma ordinatar ke zafi har ta kashe kanta. Na riƙa ɗora ta a kan faifai bisa bakin randa don ta sha sanyi. Ramatu ta ce tunda take ba ta taɓa ganin baƙon da ya hana mutanen gida shan ruwa ba sai wannan.

Abu na farko da na yi, wanda ku da wayarku ba za ku yi ba, shi ne tambayar ko ƙwayar ta kaɗa ce ma tukuna. Wuyan saiwa cikin ƙasa yake, ƙasa kuwa cike take da fumfuna da ƙananan ƙwari, kuma na'urar karatu duk abin da aka zuba mata karantawa take, ba ta tambayar na wane ne. Na taɓa ganin wanda ya ɓata shekara yana nazarin ƙwayar dawa, ashe ta ƙwaron da ya maƙale a ganyen ce. Na duba maƙwabtan tawa a cikin dogon rubutun, na dama da na hagu, na ga duk sanannun ƙwayoyin kaɗa ne, a jere yadda suke a kaɗar gona. To, ƴar gida ce.

Daga nan na juya haruffan zuwa abin da suke ƙerawa. Ƙwayar gado umarni ce kawai. Abin da jiki ke ƙerawa da umarnin, wanda ake kira furotin, shi ne ma'aikacin. Wannan ya fito ɗan gajere. Na aika shi rumbu neman dangi, rezo ya tsinke, na sake aikawa, ya sake tsinkewa, na tashi na yi salla na dawo. Da amsa ta zo, na farko a jerin dangin yana da suna ɓaro-ɓaro: furotin mai sa tsawon zare. A nan ne mai minti guda zai karkaɗe wando ya tafi da amsarsa. Ni sai na bi sawun sunan. Wanda ya sa shi kwafa ya yi daga wani, wanin ma daga wani, har na kai ga na asali. A can na tarar mashin ce ta liƙa sunan, don kawai an taɓa tsintar ƙwayar a cikin samfurin da aka ɗebo kusa da zare. Ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa gwada ta. Kuma me mai sa tsawon zare zai yi a cikin ƙasa da rani, lokacin da ko fure babu? Na share sunan.

Sauran dangin na kusa duk marasa suna ne irinta. Amma da na karanta gidajen da suka fito, sai na janye hannuna daga ordinatar. Rama. Kuɓewa. Kuka. Na san a littafi cewa danginsu ɗaya da kaɗa, na ma koyar da hakan a aji. Amma ban taɓa jin sa a jikina ba sai ranar. Ga kuka, wadda mutane da yawa ba sa iya kewaye gindinta da hannu. Ga kuɓewar da Ramatu ke dakawa a tsakar gida a daidai lokacin. Ga kaɗar Iya Kulu. Suna jere ƙarƙashin juna a gabana, harafi bisa harafi, wani wurin ba bambanci ko ɗaya. Rubutu guda aka ba kakansu tun ba a yi mutum ba, kowa ya riƙe nasa yana miƙa wa ɗansa, ta cikin fari da gobara da fara, bai ɓace ba. Na ɗaga murya na ce Allah mai iko, har Ramatu ta tsai da taɓarya ta tambaye ni ko lafiya.

Dangi marasa sana'a ba su gaya mini sana'a ba, sai na duba hannun baƙon. Akwai mashin mai zana siffar furotin. Yawanci takan fito da abu naɗaɗɗe mai lungu da aljihu, ka duba ka ce wannan yanka yake yi, wannan ƙofa ce. Nawa ya fito kamar zaren da ya warware daga mazari. Mashin ɗin ma ta nuna da launi cewa ba ta da tabbas a ko'ina, sai wani ɗan guntu can wajen ƙarshe. Sabon shiga zai ce ta gaza. Gaskiya ta faɗa. Akwai furotin da haka aka halicce su, sakaka, ba sa ɗaukar siffa sai sun kama wani abu, kuma irinsu sun fi yawa a inda tsiro ke jiran wahala ta wuce, kamar cikin busasshen iri.

Ɗan guntun nan na ƙarshe na koma wa. Na lura a duk dangin, daga rama har kuka, ko'ina ya canza amma shi bai canza ba. Abin da aka ƙi taɓawa tsawon zamani haka, akwai dalili. Ita ce tsagar. Na yanke ta ita kaɗai na koma rumbu, wannan karon na ce a nemo mini har dangi na nesa. Can ƙasan jerin, inda ba mai kai ido, na ga wani furotin na wani irin wake na ƙasashen sanyi, mai tsaga iri ɗaya. Shi kam an gwada shi da hannu. Kun san ɗan kumburin nan da ke tsakanin ganye da kara, idon da reshe ke fitowa daga cikinsa? An tarar furotin ɗin ya cika a idon da ke barci. In aka yanke kan tsiron, sai ya ɓace, idon ya farka ya zama reshe. Su ma masu gwajin ba su ce shi ke sa barcin ba, sun dai ce ba a ganinsa sai tare da barcin.

Na haɗa shaidun. Tana tashi a wuyan saiwa. Tana tashi da rani. Ba ta da siffa, irin masu jiran wahala. Tsagarta ta masu gadin ido mai barci ce. Zatona shi ne, a ƙarƙashin rairayi, a gindin kaɗar nan, akwai idanu a ɓoye, wannan ƙwayar ce ke riƙe su da rai suna barci har rani ya wuce, kuma in sama ya mutu ruwa ya zo, sai ta kauce su farka. Kaɗar gona ma tana da ƙwayar, amma a karatun da wasu suka zuba a rumbu da ƙyar take motsi. In zatona ya yi daidai, to wata rana a iya samun kaɗar da za ta zauna a ƙasa irin tamu ba sai an shuka ta kowace shekara ba.

Kafin in gama an buɗe iyaka, siminti ya samu. Ranar kasuwar Geceme muka shiga mota ni da Arzika, daga can muka hau amalanken jaki. Muka tarar tubalin siminti jere a bayan ɗaki suna shan rana, itatuwan kuwa tsaye tsirara, ko ganye ɗaya babu. Sha'aibu ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo fura da hannunsa, ya zauna ƙasa ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Inna, na ji bayaninku, kuma na gode da wahalar da kunka sha," ya ce. "Na yi lakwal, na yi boko, na gane. Tambaya guda gare ni. Kuna iya rantsuwa da Allah abin ga da kunka hwaɗi haka shike?"

Arzika ya juyo ya dube ni. Ba maƙaryaci ba ne, amma mutum ne da irinsa ya ruɓe a hannunsa, na san abin da idonsa ke roƙo.

Na ce, "Ɗana, ina iya rantsuwa na ga ƙwayar, na ga inda taka tashi da lokacin da taka tashi. Aikinta kuwa zato nika yi. Zato mai ƙarhi, amma zato na."

Ya ce, "To, Inna, ni abin da nika gani ba zato ba na. Shekaranjiya wata mata ta zaka daga wajen Lugu, ta duƙa gaban iccen ga tana magana da shi, tana biɗar taimako ga doguwarta. Cikin gidanmu. Ni za a tambaya ranar ƙiyama, ba ku ba. Ba ni barin abin da nig gani don abin da kuka zato."

Ban ga laifinsa ba. Da ma'auni ɗaya muke awo ni da shi. Na ce masa, "To in ka sare, kak ka tone saiwa sai ruwa ya sauka."

"Wanga ga magini shike, Inna. Ran da yas samu hannu, ran nan za a tona tushen gini."

A hanyar komawa, da muka hango Geceme, Arzika ya ce, "Kalma guda ta, Balkisa." Na ce na sani. Bayan ƴan kwanaki ya turo mini hoto a waya. Kututture huɗu, an kafa turaka an ja igiyar awon gini ta bisa kansu, an kuma matso da tubali an jera a wurin. Na yi baƙin ciki ƙwarai, abinci ya fita raina. Rahoton dai na rubuta shi yadda yake, zato a ɗakin zato.

Maginin yana da wani aiki a hannu, kafin ya gama ruwan shuka ya sauka. Kun san ƙauye, ranar nan ba magini ba tela, kowa ya ɗauki iri ya nufi gona. Aka yi shuka, aka shiga noman fari. Wata safiya wayata ta yi ƙara, na ga Sha'aibu ne.

"Inna, ku zaka ku gani. Ban iya hwaɗinai ga waya."

Muka koma ni da Arzika. Tun daga bakin darni na hango kore. Kan kututturen a bushe yake, baƙi, yadda gatari ya bar shi. Amma daga ƙasa, kewaye da kowane gindi, toho ya faso rairayi, kara ja-ja, ganye mai laushi. Wani ya bi ta ramin tubalin da aka ɗora a kansa ya fito ta sama yana neman rana. Na durƙusa, ban damu da zanena ba, na share rairayi da yatsa ina bin wani toho har inda ya fito. Daga wuyan saiwa ne, daidai wurin da Arzika ya yanki ɓawo. Sai na ga abin da bai zo mini ba ko a zato. A gefen waɗanda suka farka akwai wasu idanun, ƙanana, a rufe, ba su motsa ba. Ba duka aka tasa ba. An tashi wasu, an bar wasu a ajiye don wata sarar. Na daɗe ina kallon haruffan nan a gilashin ordinatar har na haddace su, ga shi yau ina taɓa wurin da yatsana, abin yana aikinsa a cikin duhun ƙasa, ba ruwansa da ko an san sunansa.

Arzika sai dariya yake yana share ido. "Kin gani? Da kin rantse da ba ki yi kaffara ba!"

Sha'aibu ya tsuguna kusa da ni. "Ita ta, Inna? Ƙwayar taku ta yi wanga?"

"Ban sani ba tukuna," na ce. "Sabara ma na tohowa in an sare ta. Amma yanzu akwai mai rai da za a gwada. Da, babu."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon tohon da ya fito ta ramin tubali, sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Akwai abin da ban hwaɗa muku ba rannan. Likkahwanin da munka sa ma Iya, da hannunta tak kaɗa zarenai, daga iccen ga. Shekaru tana tarawa. Ni nis sa ta kabari cikinai. Ran da nis sare su ban iya cin tuwo ba." Ya share fuska da hannun riga. "Na sare don kar a roƙi icce. Amma wanda yat tashe shi bayan na kashe shi, ba icce ba na, ba doguwa ba ta. Ba ni jayayya da Shi. Mai biɗar kaɗa don kaɗi ta zaka ta ɗiba. Mai magana da icce kuwa, in yi mata wa'azi, in ba ta ruwa ta sha, ta tahi."

Ya miƙe ya je ya girgiza turken awon gini ya tuge shi, igiyar na jan ƙasa. Ya dawo ya tsaya a kaina da shi a hannu.

"Saiwar ga, ina tat tsaya? Ku gwada mani inda zan kahwa."

Na ce masa wannan ba ya cikin ordinatar. Ni da Arzika muka shiga tone rairayi da hannu, a hankali, muna bin saiwa guda da ta miƙe ta wajen hanya. Ta wuce layin tubali na farko, muka ɗauke su. Sha'aibu ya ja da baya da turkensa. Ta wuce na biyu. Ya waiwaya ya dubi ɗan filin da ya rage wa shagonsa tsakaninsa da hanya, ya dubi saiwar da ba ta da niyyar tsayawa. Ya ƙara ja da baya.